Zare a Cikin Ƙwan Kwaɗo

…kuma ba shi ya zaɓi layin gaba ba. A baya ya so ya zauna, dab da ƙofa, inda mutum zai iya sulalewa ba wanda ya waiwayo. Wata ma'aikaciyar jami'a ce ta tare shi, ta duba takardar hannunta, ta ce nan ne wurinku, Baba. Shi ke nan. Ga shi zaune, babbar riga ta sha guga, hula tana matse masa goshi, matarsa Juwairiya a gefe tana ta gyaran mayafin da bai karkace ba. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, bai taɓa ganin ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta ba sai yau.

Sunan yana can a farin allo, majigi ya haska shi da manyan haruffa. Dakta Aisatu Hammanjoda. Ya karanta sau ɗaya, ya isa haka… ya sake karantawa. Rabin sunan ai nasa ne. Hammanjoda na ɗakin gwaji, mai wanke kwalabe, mai kama kwaɗi — yau ga shi a bango, da girman da na layin ƙarshe ma zai gani.

Kada fuska ta nuna. Bafulatani ba ya washe baki don 'yarsa ta yi abin kirki, balle 'yar fari. Maƙwabta daga Lokuwa sun cika keke Napep uku, ƙannensa sun taso daga Gella tun da sassafe, duk suna satar kallonsa, ya sani. To, su kalla. Shi fankar sama zai kalla. Fankar tana ɗan karkata in ta juya, ƙusa ɗaya ce ta saki, da a ɗakinsa ne da tuni…

Aisatu ta fara. Turanci tukuna, don malaman da ke sanye da manyan riguna. Muryar ba ta rawa. A ina ta samo wannan tsayuwar? Sai ta dakata, ta dubi ɓangaren mutanen gari, ta ce iyayena da suka zo, zan maimaita da Hausa, don lacca ce ta kowa. Wani tsoho a baya ya yi gyaran murya irin na yarda.

Jikin kowa, in ji ta, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya kamar gida take. A tsakiyarta akwai ƙuryar ɗaki mai nata bango, ita ce cibiya, can ake ajiye rubutun gado da ake kira DNA. A tsakar gidan kuwa akwai wani furotin mai suna aktin, wanda ke harhaɗuwa ya zama zare. Shi ke sa tsoka ta motsa, shi ke riƙe wa ƙwaya siffarta. An daɗe ana koyarwa cewa aikinsa a tsakar gida ya tsaya. In wani ya ce ya gan shi a cikin ƙurya, sai a ce masa —

Datti ne.

Ba ita ta ƙarasa masa ba. Muryar Dakta Abdulhamid ce, shugabansa a kwaleji, daga can shekarar tamanin da bakwai, da warin sinadarin wanke kwalabe a tare da ita. Dakta da ya dawo daga karatu a Turai da ɗan akwati cike da hantsaki masu tsini kamar ƙaya. Zaren gado, wato DNA ɗin nan, yake son gani, kuma a ƙwan kwaɗo, tun ƙwan yana cikin uwa, cibiya tana da girman da ba a samu a ƙwayoyin jikin mutum ba. Sai dai wa zai kamo kwaɗin? Wa zai buɗe ƙwan?

Shi da Kwaji. Kwaji mutumin Michika, abokin aikinsa, mai dariya kamar ana gangaro da ganga. Bakin mayo, kogin garin, bayan ruwan safe, wando a naɗe har gwiwa, laka tana tsotse takalmi. Ba kowane kwaɗo ba — na cikin ruwa, mai shimfiɗaɗɗen jiki da santsi kamar sabulu. Kwaji ya ɗago ɗaya yana ɗiga.

"Wannan mace ne, Hamma. Duba cikinshi."

Mata masu wanki suna kallonsu suna rufe baki. Ma'aikatan gwamnati, da takardar shaida, suna farautar kwaɗo. To, sun yi dariya. Ina suke yau? Wataƙila jikokinsu ne a layin baya suna rubuta abin da 'yarsa ke faɗa…

Mako uku ya ɗauka ya iya. Uku kacal. A sa uwar ta yi barci, a ɗan tsaga gefen ciki, a ɗebi kaɗan, a ɗinke, a mayar da ita ruwa — nasa ba sa mutuwa, wannan kowa ya sani a kwalejin. Ƙwai ɗaya bai kai ƙwayar gero ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ka riƙe shi da hantsaki ɗaya, ka huda da ɗaya, ka matsa a hankali, a hankali, kana riƙe da numfashi… sai cibiya ta ɓullo. Garau, kamar ɗigon raɓa. Dakta da kansa sai ya fasa biyar kafin ya sami ɗaya. Shi kuwa goma a jere. In baƙi sun zo daga Yola, kiransu ake yi su tsaya a bayansa. Ku zo ku ga hannu. Haka Dakta yake faɗa, ku zo ku ga hannu — Allah ya jiƙansa, bai taɓa rowar yabo ba.

Amma abin nan. Abin nan da ya hana shi sakewa.

In ka yaye wa cibiya fatarta, ai kamata ya yi abin da ke ciki ya bazu a kan gilashi kamar ruwa. Haka Dakta yake so, don zaren gado ya kwanta a gan shi. Abin kuwa sai ya ƙi. Ya tsaya cur da siffarsa, kamar kunun da ya huce a kwano aka kife. Ka taɓa shi da tsinin allura, ya lotsa, ya dawo. Ƙananan ɗigo-ɗigo a cikinsa, kowanne a rataye inda yake, ba mai faɗuwa. Me ya riƙe su? Ba a ganin komai. To me ya riƙe su? Ya zana a littafinsa na aiki, yau, gobe, jibi. Ya kai wa Dakta ofis, ya tsaya a bakin tebur hannu a baya.

Dakta bai ɗago sosai ba. Yana duba takardun jarrabawa.

"Kayan waje ka jawo, Hammanjoda. Datti ne. Ka ƙara wankewa."

Ya ƙara. Sau uku a ruwan gishiri mai tsabta, sau biyar, har cibiyar tana ƙyalli. Bai bazu ba…

An rage fitilu. Labule ya sauka a kan hasken hantsi. Juwairiya ta taɓa gwiwarsa da yatsa ɗaya — ka duba mana.

Hoto mai motsi a allo. Cibiya biyu, gefe da gefe, kowace ta kai girman faifai. Ya san su. Ya san su kamar yadda mutum ya san fuskar maƙwabcinsa. Ta hagu tana nan yadda Allah ya yi ta, ɗigo-ɗigonta a warwatse, a rataye. Ta dama kuwa, in ji Aisatu, an sa mata maganin da ke tsinka zaren aktin. Ku kalla, ta ce.

Suna sauka. Ɗaya, biyu, sai duka. A hankali, kamar tsakin masara a cikin ruwa. Suna taruwa a ƙasa, suna haɗewa, ƙanana suna shiga manya, har suka zama ɗigo ɗaya ƙato a gindin cibiya. Sama ta zama wayam.

Zauren ya yi tsit, har ana jin fankar nan mai ƙusa ɗaya.

Zare ne. Raga ce ta zare, siririya da madubinsu na wancan zamani ba zai taɓa nunawa ba. Cibiyar ƙwan ta yi girman da nauyi ke jan kayan cikinta ƙasa, shi ya sa aka shimfiɗa mata raga ta riƙe su. A ciki. Ba daga waje ba, ba daga hannun kowa ba — a ciki take, tun ran da aka halicci kwaɗo.

Dakta, ka gani? Ba da rashin kunya ba, wallahi. Ka koya mini sana'a, ka halarci sunan yarinyar nan da kanka. Amma ka gani? Da kana raye da na so a ba ka wannan kujerar tawa, ni in koma baya. Ka zauna nan ka gani da idonka. Na wanke, Dakta. Sau biyar na wanke.

Kada fuska ta nuna. Fanka. Ya kalli fanka.

Tana cewa ba ita ta fara gano wannan ba, masana a wasu ƙasashe sun riga sun nuna shi, ita dai ta maimaita da kwaɗin mayonmu ne don ta ga ko haka abin yake a nan. Ji fa. Wani da sai ya haɗiye duka ya ce nasa ne. Ita kuwa tana raba wa kowa haƙƙinsa kamar mai rabon gado. Wannan halin uwarta ne… a'a, da nasa a ciki. Da nasa.

Shekararta tara, an tashi daga makaranta, tana jiransa ya gama ya ɗauke ta a keke. Fararen safa sun yi ja da ƙasa. Ba ta kai madubi ba sai da ya jawo mata akwatin katako ta hau. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ta daɗe tana leƙe, har ya zaci ba ta ga komai ba. Sauran yaran ma'aikata in sun leƙa, ƙyama suke yi su gudu. Ita ba ta ɗago ba.

"Baaba, me ya sa bai zube ba?"

Ba wanda ya gaya mata. Bai taɓa buɗe baki a gida a kan wannan ba. Ido kawai ta sa — shekara tara! — ta yi tambayar da shi ya yi yana da gemu. Ranar a hanya bai ji nauyin keken ba, har hawan nan na kusa da kasuwa…

Daga nan kuma wa ya iya riƙe ta? Sakandare, jami'a, jirgi. 'Yan uwa suna cewa ka bar mace ta tafi ƙasar da ba ka san kowa ba? Ya bari. Da bakinsa ya ce ta tafi, da ƙafarsa ya raka ta tasha. Wannan ko a gaban wa zai faɗa.

Sai wayar nan. Shekara tara ke nan. Ya riga ya yi ritaya, yana zaune ƙarƙashin dalbejiya bayan azahar yana gyaran rediyo. Layin yana yankewa.

"Baaba, kana jina? Abin nan da ba ya zubewa. Aktin ne. Yau na gan shi da idona, an sa masa launi, kore shar. Ba datti ba ne, Baaba."

Me ya ce mata? To. Kalma ɗaya, to. Ya tambaye ta ko tana cin abinci. Da ta kashe, ya bar rediyon a buɗe a kan tabarma, ya tari keke har gidan Kwaji, bai ko sauya riga ba. Kwaji yana kwance, ciwon ya fara cinsa lokacin, amma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe dattinka yana da suna, Hamma."

Kwaji, da ka jira. Shekara uku kacal ya rage ka jira. Da yanzu kana nan kana zungurina da gwiwar hannu, kana ba ni kunya a gaban manya…

An ƙara haske. Tana kan wani hoton. Ba a kwaɗo kaɗai ba, in ji ta, har a jikinmu. Rubutun gadon nan yakan tsinke — zafin rana, guba, ko tsufa kawai. In ya tsinke, an ga aktin yana harhaɗa zare a cikin cibiya, yana taimakawa a kai wurin da ya tsinke inda za a gyara shi. Yana kuma cikin ma'aikatan da ke buɗe rubutun a karanta. Wani farfesa mai furfura ya ɗaga hannu, ya yi doguwar tambaya, irin wadda ake yi don a gwada mutum. Aisatu ta saurara har ƙarshe. Ta yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba mu sani ba tukuna. Shi muke nema."

Haka kawai. Kai a ɗage, a gaban mutum ɗari uku. Ba mu sani ba tukuna. Farfesan ya gyaɗa kai yana rubutawa — rubutawa yake yi! Ƙanensa da ke bayansa ya sunkuyo ya raɗa masa barka da Fulatanci. Bai juya ba. In ya juya, an gama da shi.

Saura kaɗan. Za ta yi godiya, a tafa, a fita a ɗauki hoto, ya tsaya a gefe kamar baƙo. Zai iya. Ya iya har nan.

Ta ajiye sandar nuni. Me ya sa take kallon nan?

"Mutumin farko da na sani ya ga wannan abu, ba a Turai yake ba. A garin nan ya gani, shekara talatin da takwas da suka wuce, da madubin da ko fitilar kirki ba shi da ita. Ya zana shi a littafinsa. Littafin ya ɓace a shekarar da muka gudu muka bar Mubi, shi ya sa ba zan iya nuna muku ba. Amma mai littafin yana nan. Baaba, don Allah ka miƙe."

Tafi. Daga baya ya taso, ya gangaro kamar ruwa a kan kwano. Mutanen Lokuwa sun miƙe, wata tana guɗa a cikin zauren jami'a, ba wanda ya hana ta. Gwiwoyinsa sun ɗaga shi ba da shawararsa ba. Ga shi tsaye. Hammanjoda mai kama kwaɗi, farfesoshi suna tafa masa. Daɗi — ba zai yi wa kansa ƙarya ba, daɗin har cikin ƙashi. Shekara talatin da takwas yana jiran abin da bai san yana jira ba.

Littafin ya ɓace…

Shi ya gaya mata haka. Mako guda bayan wayar nan ta sake kira, Baaba ka ɗauko mini hoton zanen nan da ka ce ka yi. Sai bakinsa ya riga shi. Ai ya tafi a shekarar gudu. Wa zai yi musu? An shigo gari, kowa ya fita da abin da ke jikinsa, sun bi ta Gella sun hau duwatsu, da suka dawo ƙofa a ɓalle, ba katifa, ba keken ɗinki. Kowa yana da jerin abin da ya rasa. Ƙara littafi ɗaya a kai, wa zai lura?

Yana nan. Littafin nan mai baƙin bango, cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado. Ɓarayi ba sa ɗaukar littafin ɗakin gwaji. Komai yana ciki, ranaku, adadin kwaɗi, awon gishiri — sai shafi goma sha ɗaya da babu. Guntayen gindinsu kawai, a jikin zaren ɗinki.

Ba wanda ya sa shi. Dakta bai ce ya yaga ba, bai ko sake tayar da maganar ba, wataƙila kafin la'asar ya manta. Shi ne, ranar Juma'ar makon, bayan wanki na biyar. Ya duba zanen, ya duba ƙofar ofis, ya ce a ransa wane ni. Mai takardar kwaleji zai ga abin da mai digiri uku bai gani ba? Kada wani ya buɗe littafin wata rana ya ga shaidar ƙazantar aikinsa. Ɗaya bayan ɗaya ya cire su, a tsanake, ya kai ramin da ake ƙona shara a bayan ɗakin gwaji. Ya tsaya har wuta ta cinye su.

Duk shekarun nan, in ya tuna, fuskar Dakta yake gani a sunkuye kan takardun jarrabawa. Magana ɗaya mutumin ya yi. Ɗaya. Sauran…

Aisatu ma an faɗa mata. Ta ba shi labari tana dariya, wani babba a can ya ce mata ɓata lokaci take yi. Ta ce na gode, ta koma ta kunna madubi. Shi yana ta cewa da nasa a ciki, da nasa a ciki. Wannan ɗin fa? Wannan daga ina?

Juwairiya ba ta cikin masu tafi. Hannuwanta suna kan cinya, idonta a ƙasa. Ita ke share ƙarƙashin gadon nan duk Asabar. Shekara tara ba ta ce uffan ba.

Tafin bai tsaya ba. Aisatu ta cire makirfo daga sandarsa, tana saukowa daga dandamali, fuskar nan duk haske, tana miƙo masa tun daga nesa. Me zai ce? Na gode, ya isa. Kowa zai ce kunyar Fulani ce, a ƙara tafawa. Ko kuwa… a nan? A gaban ƙannensa? Ko a gida, in an watse, ya jawo akwatin ya ajiye a gabanta, ta ƙirga guntayen da kanta?

Ƙafafunsa sun gaji. Bari ya ɗan zauna, ko na numfashi ɗaya ne, ya yi tunani. Ya lalubi baya — kujerar ta naɗe kanta tun da ya tashi, irin na zauren nan ne masu komawa sama. Babu wurin zama. Saura taku uku ta iso… biyu.